Inda Aatos Ya Ce Ya Samu Dutsen

Sirkku ta sake zagaya tudun Hirvasrova, guduma a hannu, sauro na bin ta kamar hayaƙi. Duk dutsen da ya kai girman tunkiya sai ta tsaya a kansa, ta yaye gansakukar da ta lulluɓe shi, ta duba ko akwai tabon guduma a jikinsa. Babu. Ta wuce na gaba. Tun farkon bazara take wannan aiki, har ta fara gane duwatsun tudun ɗaya bayan ɗaya kamar fuskokin maƙwabta.

A nan arewacin Finlan kowa na iya ɓallo guntun dutse ya aika wa hukumar binciken ƙasa, ya sa alama a taswira inda ya same shi. Masu saran itace na yi, tsofaffin da suka bar aiki na yi. Yawanci tarkace ne. Amma guntun da Aatos, mahaifin Sirkku, ya aika a hunturun da ya wuce, da aka gwada shi sai aka tarar da jan ƙarfe a ciki irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Alamarsa kuwa a kan tudun nan ya sa ta. Da yake garinsu ne, kuma a hukumar take aiki, sai aka turo Sirkku.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. Dutse a ƙasar nan ba ya zama inda aka haife shi. Tsohuwar ƙanƙarar da ta taɓa danne ƙasar ita ta ɓamɓaro shi daga jikin uwarsa, ta ja shi, ta yar a wani wuri. In ka samu dutsen, sai ka nemi kartar da ƙanƙarar ta bari a kan falalen duwatsu, ka bi ta da baya, ta kai ka inda arzikin yake kwance. Amma sai ka samu dutsen tukuna. In wurin farawa ya karkace, duk tafiyar ta karkace.

Waya ta yi ƙara a aljihunta. Tarmo ne, shugaban sashensu.

"Kin same shi?"

"Ina nema."

"Sirkku, tun yaushe kike nema? Dutse ne fa, ba zomo ba, ba ya gudu. Ga injin huda ƙasa na zaune ba aiki. In dusar ƙanƙara ta sauka sai baɗi. Na ja layi daga alamar tsohon, zan turo injin ya bi ta kansa."

"Layin ta makiyayar Hilkka ya ratsa."

"Na gani. Za a ba ta haƙuri. In kina da dalilin da zai hana, ki faɗa min kafin ƙarshen mako. In ba ki da shi, injin na hanya."

Ta mayar da wayar, ta tsaya tana kallon gangaren tudun. Daga ƙafarta har bakin daji farar gansakuka ce shimfiɗe, wadda bareyin da tsohuwa Hilkka ke kiwo suke tonowa daga ƙarƙashin ƙanƙara su ci a hunturu. In injin mai tafiya a kan sarƙa ya bi ta kai sau ɗaya, jaririn da aka haifa bana zai yi gemu kafin ta sake tofowa.

Ta zaro guntun dutsen daga jaka. Ta sha juya shi a hannu har ta haddace shi. Gefen da ya taɓa ƙasa ja ne da tsatsa, kuma cikin tsagarsa akwai baƙin laka irin na fadama. Tudun nan kuwa yashi ne zalla, ruwan sama ma ba ya kwana a kansa. Ta ga wannan tun ranar farko. Abin da ta yi shi ne ta ƙara himma wajen zagaya tudun, don mutum ya fi son ya gaji da ya yarda da abin da idonsa ya nuna masa a kan ubansa.

A bakin shinge ta tarar da Hilkka tana ɗaure waya a jikin dirka. Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"'Yar gwamnati, an samu zinariyar?"

"Sannu da aiki, Inna. Jan ƙarfe ne."

"Ko ma mene ne. Na ji an ce za a kawo min baƙo mai ƙafar ƙarfe. In ya gama tattake min abincin dabbobi, taswirar taki zan dafa musu?"

"Ba a yanke ba tukuna."

"To wa zai yanke? Ni dai shekaruna a tudun nan ban taɓa ganin takalmin Aatos a kansa ba. Mutumin da ko shago zai je sai ya riƙi bokiti, me zai zo yi inda ko ƙwaya ɗaya ta 'ya'yan daji ba ta nuna?" Ta ja wayar da ƙarfi, ta murɗe ta. "Amma ya iya ciniki, wannan tsohon. Ya aika dutse, aka aiko masa da 'ya. Da haka ake yi, da ni ma na aika ko nawa ɗan zai dawo daga birni."

Sirkku ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Ta ce, "Inna, kin san inda yake zuwa?"

Sai a lokacin Hilkka ta ɗago, ta dube ta kamar wadda ta yi tusa a coci.

"Ke! A birnin haka aka koya miki? In na sani zan faɗa? Kin taɓa jin na tambaye shi nasa, ko ya tambaye ni nawa?"

Haka abin yake a wajenmu. Mutum zai ara maka jirgin ruwansa, ya ba ka makullin gidansa, ya tsaya maka shaida a kotu, amma ba zai faɗa maka fadamar da yake ɗiban hilla ba. Hilla 'ya'yan wani ɗan tsiro ne mai fitowa a fadama, masu daɗi da wuyar samu. In ka tambaya, sai ya ɗaga hannu ya share rabin sararin sama da shi ya ce, "Can wajen." In ka matsa ya ambaci wani wuri dabam, ba wanda zai kira wannan ƙarya. Kai da ka tambaya kai ne marar kunya.

Da yamma ta tarar da Aatos a ɗakin girki, ya juye bokiti a faranti yana tsince ganye daga cikin hillar. Manya ne, launin ruwan ƙwai, sun nuna har suna fashewa a yatsa. Bana kowa na kukan sanyi ya kashe furen, amma shi kullum bokitinsa cike.

"Uwar masu taswira ta dawo. Zauna, ga gasasshen cuku, ga kofi."

Ba ta zauna ba. Ta ajiye guntun dutsen a kan tebur, gefen farantin.

"Baba, babu shi a tudun."

"To ba ki duba da kyau ba. Duk karatun nan, dutse kamar saniya ya gagare ki?"

"Kamar saniya? Wancan makon ka ce kamar kare."

"Ya yi girma. Ciyawa ta yi kyau bana."

"Baba."

"Na'am, Malama."

"Dubi gefen nan. Lakar fadama ce."

Ya ɗauka, ya kai shi kusa da hanci, ya juya shi kamar bai taɓa gani ba. "Ikon Allah. To ku da kuke cewa ƙanƙara na yawo da duwatsu, ba za ta iya yawo da laka ba?"

"Za su turo injin ta makiyayar Inna Hilkka. A kan alamar da ka sa. Za su lalata mata abincin hunturu, su huda ƙasa, ba za su samu komai ba."

Hannunsa ya tsaya a cikin farantin.

"Ni ban ce a kai inji ko'ina ba," in ji shi a hankali. "Dutse na gani mai kyau, na ce bari su gani. Suka ce sai na sa alama. To wa ke tambayar mutum irin wannan tambaya? Na sa musu a inda ba zai dami kowa ba."

"Ya dami Inna Hilkka."

"To ki ce musu su bari."

"In ce musu saboda me?"

"Ke ce mai karatu. Ki ce ƙanƙarar ta yi kwana."

"Taswirar gwamnati ce, Baba. Abin da na sa a kai, wanda ba a haifa ba ma zai zo ya dogara da shi."

"Haka ne. Kuma abin da kika sa a kai, kowane ɗan yawon buɗe ido mai waya a hannu zai gani." Ya tura mata farantin. "Ci. Uwarki ta fi son irin waɗannan, masu laushi."

Fadamar da yake ɗiban hillar nan mutum biyu kawai suka taɓa saninta bayan kakan Sirkku: Aatos da matarsa. Tun da matar ta rasu shi kaɗai yake zuwa. Tun Sirkku na yarinya take roƙo a je da ita, kullum amsar ɗaya ce: sai ranar da ƙafafunsa suka gaza. Ta yi fushi da wannan amsa shekaru da yawa, daga baya ta tafi kudu karatu, ta koyi zana ƙasar gaba ɗaya a kan takarda, in ban da wannan wuri guda.

Washegari da safe ta ji ya tada mota. Ta tsaya a taga har ya sha kwana, ta zauna, ta miƙe, ta wanke kofin da yake a wanke. Bin mutum zuwa fadamarsa, a wajenmu, ƙanin sata ne. An taɓa yin wani a ƙauyen da ya yi haka, har ya mutu ba wanda ya ƙara zama teburi ɗaya da shi a gidan mai inda maza ke shan kofi. Ta san wannan sarai. Ta kuma san ƙarshen mako ya matso. Ta sa takalmin roba ta fita.

Motar tana inda kowa ya san yana ajiye ta, bakin hanyar masu saran itace, gabanta na kallon gabas. Don haka Sirkku, da ta san dabarar ubanta, ta nufi yamma. Ba ta daɗe ba ta ga sawunsa a cikin laka, ya bi rafi, ya shiga ruwa, ya fito can gaba a ɗaya gefen. Sau biyu tana ɓatar da shi. Sau biyu tana cewa a ranta wannan alama ce ta koma gida, amma ƙafarta ba ta juya ba. Tana tafe tana shari'a da kanta. In ta gani ta rubuta, ta ci amanar ubanta. In ta bar alamar ƙarya, ta ci amanar Hilkka da ta aikinta. Ta lallashi kanta da cewa ai ba nuna mata aka yi ba, da ƙafarta za ta gano, kuma abin da ma'aikaci ya gano da ƙafarsa na hukuma ne. Wannan hujja ta yi mata daɗi har ta ƙara sauri.

Dajin ya yi ta siririncewa, itatuwan suka gajarce, ƙasa ta fara lotsawa ƙarƙashin takalmi. Sai ga fadamar ta buɗe a gabanta tsakanin duwatsu biyu, ba babba ba, amma ko'ina ido ya sauka hilla ce, kamar an watsa garwashi a kan ciyawa. A tsakiya akwai ɗan tsibiri, a kansa wani baƙin dutse mai girman saniya, kafaɗarsa da tabon guduma yana ƙyalli.

Aatos na zaune a gindinsa. Ya hura 'yar wuta, ya rataye baƙar butar kofi. Kofin katako biyu ne a gefensa.

"Kin daɗe," in ji shi. "A rafin kika ɓata ko? Na san nan zai ba ki wuya, shi ya sa na karya miki reshe. Tako ta kan saiwoyi, hagu akwai rami."

Ta ƙarasa wajensa. Ta dubi kofunan. Ɗaya na mahaifiyarta ne.

"Ka san ina biye da kai."

"Tun daga mota. Kina tafiya a daji kamar doki a kan gada." Ya zuba kofin, ya miƙa mata da hannu biyu. "Karɓi. Ba na so a ce 'yata ta bi ni a ɓoye. Ni na kawo ki. Ga ta nan, daga wancan dutse zuwa wancan. Kakanki ya nuna min, yau na nuna miki."

Ta tsaya da hannu a sama, ba ta karɓa ba. Yanzu ta gane abin da ya yi mata. Da ta iso a ɓoye, da ɓarauniya ce, amma ɓarauniya ba ta ɗauki alkawarin kowa ba. Wanda aka nuna wa kuwa an ɗaure bakinsa har kabari. Hujjar da ta taho da ita tun daga rafi, tsohon ya karɓe ta da kofi ɗaya.

"Baba, wannan ba adalci ba ne."

"Wa ya ce adalci ne? Gado ne. Karɓi kafin ya huce."

"Ka ce sai ƙafafunka sun gaza."

"To kin ga na zauna."

Ta karɓa. Ta sha, yana ƙona mata harshe. Sauro na kuka a kunnuwansu. Can ta ajiye kofin ta zagaya dutsen, don hannunta ba zai iya zama ba. Ta zaro guntun daga jaka ta kara a tabon, ya zauna daram. Jikin dutsen duk ɗigo-ɗigon rawaya ne da kore. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa sa hannu a kan irinsa ba, kuma ta san da wuya ta ƙara.

"Kyakkyawa ne ko?" in ji Aatos daga bayanta, murya ƙasa-ƙasa. "Shekara da shekaru ina jingina da shi ina shan kofi. Na ce kafin in mutu bari wani ya ce min na iya gani."

"Ka iya gani, Baba."

"To shi ke nan. Ki rubuta musu cewa ba ki same shi ba. Dutse ya ɓata, ba yau aka fara ba."

"Na same shi."

"Wa ya sani?"

Ta juya masa baya. Ta hau dutsen da ke arewa da fadamar, inda waya ke kamawa. Tana hawa tana jin idonsa a bayanta. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ya faɗa: ta ce ba a gano ba, a rufe maganar. Amma in ba a gano ba, alamar tana nan, Tarmo zai bi layinsa. In kuma ta ce alamar kuskure ce kuma ba ta san wurin gaskiya ba, to ƙaryar ba ta mutu ba, hannu kawai ta sauya, daga na uba zuwa na 'ya.

Tarmo ya ɗauka a bugu na farko.

"Ka tsayar da injin," in ji ta. "Ba a tudun aka samu dutsen ba. A goge alamar."

"Kin tabbata?"

"Hannuna na kansa ɗazu."

"Madalla! To ba ni wurin."

Ta dubi ƙasa. Daga nan fadamar ba ta fi tafin hannu ba, ga ɗan hayaƙi na tashi a tsakiya.

"Na san wurin. Ba zan faɗa ba."

Ta ji ƙarar kujerarsa ta cikin wayar.

"Sirkku, hukuma ce ta tura ki."

"Na sani."

"Ba zan iya rubuta cewa ba a gano ba, tunda kin ce min kin gano. Zan rubuta cewa kin ƙi faɗa. Kin san abin da zai biyo baya. Aikin arewa ya fita hannunki, in ma an bar ki a kujera. Tsohon kuma za a cire sunansa, ba za a ƙara karɓar dutse daga hannunsa ba."

"Ka rubuta yadda yake."

Ya ja numfashi. Shi ma ɗan arewa ne, daga can bakin iyaka. "Hilla ce?" ya tambaya.

Ta ci gaba da kallon hayaƙin.

"Allah ya shirye ku, ku da ubanki," in ji shi, ya kashe.

Da ta sauko, Aatos ya riga ya karanta fuskarta.

"Me kika ce musu?"

"Na ce ba a tudu ka same shi ba. Na ce na san wurin, ba zan faɗa ba."

"Wato kin ce musu ni maƙaryaci ne."

"Na ce ba a tudu ka same shi ba."

"Duk ɗaya ne a takarda!" Ya watsa sauran kofin a wuta, ta yi cuu. "Gobe a gidan mai kowa zai ji an kori Aatos daga masu aika dutse. Kalma ɗaya fa na ce ki faɗa. Ke ma kin jawo wa kanki, a kan me? Taurin kai irin na uwarki!"

"Injin ba zai je wajen Inna Hilkka ba. Nan ma ba zai zo ba."

"Yau ba zai zo ba. Yanzu sun san akwai shi, sun san kin sani. Za su bar ki ki yi barci?"

Ya yi tsaki, ya ɗauki bokitinsa, ya shiga fadamar yana ɗingishi kaɗan, abin da ba ta lura da shi ba sai yanzu. Da ya yi nisa, ba tare da ya waiwayo ba, ya ɗaga murya: "Akwai wani bokitin bayan dutsen. Ki bar masu tauri, ba su nuna ba. Kuma ki daina tattaka min su!"

Ta zagaya ta ɗauko bokitin. A nan, inda gansakuka ta ɗan yaye, wani falalen dutse ya leƙo, jikinsa da dogayen kartar tsohuwar ƙanƙara, a jere, duk sun nufi wuri guda. Kafin ta yi tunani hannunta ya riga ya zaro kamfas daga wuya ya ɗora a kai. Allurar ta yi rawa ta tsaya. Idonta ya bi layin, ya ƙetare fadamar, ya hau wani baƙin tudu a arewa maso yamma, ba nisa.

Ta rufe kamfas ɗin da sauri, ta ja gansakukar da ƙafa ta rufe kartar. Sannan ta durƙusa ta fara tsinka, tana ta ƙoƙarin kada ta ɗaga kai wajen tudun.